Wes Montgomery: Mai Waldar da Ya Sauya Muryar Jita a Kiɗan Jaz

Kiɗan jaz, wanda baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro a birnin New Orleans da kewayensa a farkon ƙarni na 20, kiɗa ne da ya ginu a kan ƙirƙira ta nan take, wato makaɗa su ɗauko karin wata waƙa su kaɗa shi sau ɗaya yadda aka san shi, daga nan kowannensu ya karɓi fage bi da bi, yana saƙa sabon kari na kansa a kan wancan tushe ba tare da ya rubuta ko ya haddace ba. A shekarun farko na wannan kiɗa kayan busa da fiyano ne ke da bakin magana, jita kuwa tana can baya kusa da ganguna, aikinta riƙe taki kawai, domin muryar tsirkiya ba ta iya keta ƙarar kayan busa ta isa kunnen mai sauraro. Abin da ya fitar da ita daga wannan ƙangi shi ne wutar lantarki, da kuma wani matashi mai suna Charlie Christian, wanda ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939 da jitar da aka jona da akwatin ƙara sauti, ya nuna cewa ana iya kaɗa tsirkiya ɗaiɗaya ta ja dogon zance irin na mai busa saksafon. Christian bai yi tsawon rai ba, domin tarin fuka ya ɗauke shi a watan Maris na 1942 yana da shekara 25, amma kusan duk mai jitar jaz da ya taso bayansa a hannunsa ya ga hanya. Cikin waɗannan magada babu wanda tasirinsa ya kai na John Leslie Montgomery, wanda duniya ta sani da Wes Montgomery, kuma tarihinsa ya cancanci a tsaya a kansa saboda yadda nauyin iyali da aikin masana'anta suka tsara masa salo, suka jinkirta fitowarsa, suka kuma zaɓa masa hanyar da ya bi a ƙarshen rayuwarsa.

An haife shi ranar 6 ga Maris, 1923, a Indianapolis, babban birnin jihar Indiana, a zamanin da ƙungiyar Ku Klux Klan mai aƙidar fifita farar fata ke da ƙarfi ƙwarai a siyasar jihar, kuma wariyar launin fata ce ke ƙayyade wa baƙar fata unguwar da zai zauna da makarantar da ɗansa zai shiga. Wannan takura ce ta tattara rayuwar baƙaƙen birnin a kan titi guda mai suna Indiana Avenue, inda shagunansu da majami'unsu da gidajen rawarsu suke, har da ginin Walker da aka buɗe a 1927 da sunan Madam C. J. Walker, attajirar da ta yi arziki da sana'ar man gashi. Titin ya zama makarantar da ba ta da allo, inda ƙarami ke koyo ta hanyar zama kusa da babba har gari ya waye, kuma daga nan ne manyan masu busa irin su J. J. Johnson da Slide Hampton da Freddie Hubbard suka fito. Iyayen Wes sun rabu tun yana ƙarami, saboda haka ya bi mahaifinsa zuwa Columbus ta jihar Ohio, inda a wajajen 1935 yayansa Monk ya saya masa ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu a wani kantin jingina. Ya yi wasa da ita shekaru, amma shi da kansa bai ɗauki wannan a matsayin farkon sana'arsa ba, domin da ya koma ga jita mai tsirkiya shida sai da ya sake lale daga tushe.

Farkon gaskiya ya zo ne bayan ya dawo Indianapolis, ya kama aikin walda, ya kuma auri matarsa Serene a 1943. A wannan tsakani ne ya ji faifan Charlie Christian mai suna Solo Flight, abin ya shige shi har ya kashe kuɗin da ya fi ƙarfin aljihunsa ya sayi jitar lantarki da akwatinta, alhali yana da shekara kusan ashirin, shekarun da yawancin manyan makaɗa sun riga sun daɗe da gogewa. Bai sami malami ba, bai kuma koyi karatun rubutaccen kiɗa ba har ya bar duniya. Abin da ya yi shi ne ɗora allura a kan faifai, ya saurari ɗan yanki, ya ɗage ta, ya nemo sautin a kan tsirkiya, ya sake mayar da allurar baya, har sai da ya haddace kiɗan Christian sauti bayan sauti.

A nan ne abin da ya zama tambarinsa ya samo asali. Masu jitar jaz na zamanin suna kaɗa tsirkiya ne da ɗan guntun roba mai faɗi da ake riƙewa tsakanin babban yatsa da manuniya, wanda ke ba da sauti mai kaifi da ƙara. Shi kuwa Wes ba shi da lokacin gwaji sai da dare bayan ya taso daga aiki, lokacin da iyali da maƙwabta ke barci, don haka ya ajiye robar ya koma shafar tsirkiya da tsokar babban yatsansa domin ƙarar ta ragu. Wanda ya kalli hotunan bidiyonsa da suka rage zai ga yadda yake baza sauran yatsu huɗu na hannun dama a jikin jitar kamar wanda ya dafa tebur, babban yatsan kaɗai ke motsi, yana lanƙwashewa baya fiye da yadda yatsan yawancin mutane ke iya yi, yana sauka yana hawa da saurin da ido ba ya bi. Sautin da ke fitowa mai kauri ne, mai taushi da ɗumi, babu tsinin ƙarfe a cikinsa, ga kuma ɗan kanta da yatsan ya yi a gefe guda, wanda mai jita George Benson ya bayyana cewa da shi Wes ke samun kaifi idan ya buƙace shi. Dafawar nan ta yau da gobe ta ci fentin jitarsa a gurbin da yatsun ke zama, har kamfanin Gibson, mai ƙera samfurin L-5 da ya fi amfani da shi, ya dasa masa ado mai siffar zuciya a daidai wurin. Dabarar da aka fara don gudun ɓata wa maƙwabci rai ita ce ta ba jitar jaz sabuwar murya, kuma wannan ba ƙaramin abin lura ba ne ga mai son fahimtar mutumin.

Aikinsa na farko a bainar jama'a a wani kulob ne mai suna 440, inda aka ɗauke shi don ya riƙa fitowa yana maimaita kiɗan Christian yadda yake a faifai, ya gama ya koma gefe. A 1948 Lionel Hampton, shugaban ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin kiɗa na ƙasar, ya bi ta Indianapolis yana neman mai jita, ya ji shi, ya tafi da shi. Wes ya yi kusan shekara biyu yana yawon gari-gari da wannan ƙungiya, wadda Charles Mingus da Fats Navarro suka ratsa ta a wannan zamani, kuma da yake yana matuƙar tsoron jirgin sama, a mota yake bin hanya komai nisanta, ya kan kuma karkata ya leƙa gida duk lokacin da dama ta samu. A farkon 1950 ya gaji da nesa da iyali ya ajiye aikin ya koma garinsu, a daidai lokacin da duk mai neman suna a jaz ke tattara kayansa zuwa birnin Niyok.

Shekaru tara da suka biyo baya su ne ginshiƙin tarihinsa, ko da yake su ne duniya ba ta gani ba. Yana shiga masana'antar haɗa kayan rediyo da ƙarfe bakwai na safe ya tashi da ƙarfe uku na rana, ya ɗan kishingiɗa, ya hau dandali a kulob ɗin Turf daga tara na dare zuwa biyu, daga nan ya wuce Missile Room, gidan da ke buɗewa bayan sauran sun rufe, ya yi kiɗa har wajen biyar na asuba, sa'an nan ya shirya komawa masana'anta. Haka ya riƙa yi shekara da shekaru domin ciyar da gidan da a ƙarshe ya kai 'ya'ya bakwai, kuma abokan sana'arsa sun shaide shi da cewa ba ya shan giya, ba ya kusantar ƙwayoyin da suka hallaka da yawa daga makaɗan zamaninsa, illa dai taba da yake zuƙa ba ƙaƙƙautawa. Wahalar wannan tsari a bayyane take, kuma da wuya a ce ba ta taɓa lafiyarsa ba, amma a cikinta ne salonsa ya nuna, domin mutumin da ke kiɗa sa'o'i bakwai kowane dare a gaban ma'aikatan da suka zo hutawa dole ya koyi yadda ake riƙe hankalin jama'a, ya san lokacin da za a sassauta da lokacin da za a tsananta.

Bai kasance shi kaɗai ba a gidansu. Yayansa Monk na cikin mutanen farko da suka shigo da jitar bas ta lantarki cikin jaz, wato jita mai kaurin murya da ke riƙe gindin kiɗa, lokacin da ya yi aiki da Hampton a farkon shekarun 1950. Ƙanensa Buddy kuma yana kaɗa fiyano da bibrafon, wani kayan kiɗa na jerin sandunan ƙarfe da ake bugawa da 'yan guduma masu laushi. Su biyun sun koma gaɓar yammacin Amurka sun kafa ƙungiyar Mastersounds, wadda ta sami karɓuwa a kamfanin faifai na Pacific Jazz, kuma ta dalilinsu ne aka naɗi Wes a ƙarshen Disamba na 1957 a wani zama da shi ne kuma karon farko da aka ji tirampet ɗin Freddie Hubbard a faifai. Faya-fayan sun fita, masana ƙalilan sun lura, amma Wes ya ci gaba da kwana a Missile Room yana wayar gari a masana'anta.

Sauyin ya zo a watan Satumba na 1959, lokacin da Cannonball Adderley, mashahurin mai busa saksafon, ya zo wasa Indianapolis aka kai shi Missile Room bayan an tashi. Abin da ya ji ya sa da komawarsa Niyok ya nufi ofishin Orrin Keepnews, ɗaya daga cikin masu kamfanin Riverside, ya matsa masa lamba a kan lallai ya ɗauki wannan mutum. Keepnews ya tarar cewa masanin kiɗa Gunther Schuller ma ya riga ya yabe shi a mujallar The Jazz Review, don haka ya tashi takanas zuwa Indianapolis, ya saurare shi dare guda, ya ƙulla yarjejeniya da shi. A watan Oktoba aka naɗi faifansa na farko a Riverside tare da abokan aikinsa na gida, Melvin Rhyne mai ogan da Paul Parker mai ganguna. Yana da shekara 36 a lokacin, wato ya girmi shekarun da Christian ya rasu a cikinsu da fiye da goma, amma jaridu suna kiransa sabon tauraro.

Faifan da ya kafa sunansa shi ne The Incredible Jazz Guitar of Wes Montgomery, wanda aka naɗa a ranakun 26 da 28 ga Janairu, 1960, tare da Tommy Flanagan a kan fiyano da 'yan'uwan nan biyu, Percy Heath mai bas da Albert Heath mai ganguna. A cikinsa ne aka ji tsarin da ya ƙware a kai a cike, wato gina ƙirƙira hawa uku. Yakan fara da sauti ɗaiɗaya, yana jan zance a natse, yana barin sarari tsakanin jimla da jimla. Idan zancen ya ɗauki zafi sai ya hau mataki na biyu, na tagwayen sauti, inda ake kaɗa sauti guda a wurare biyu lokaci ɗaya, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama da tazarar matakai takwas, kamar yadda muryar namiji da ta mace ke haɗuwa a kan kari ɗaya idan suna rera waƙa tare. A jita ana yin haka ne da yatsu biyu na hannun hagu a kan tsirkiyoyi biyu, a danne ta tsakiyarsu don kada ta yi kuka, babban yatsan dama kuma ya share ukun gaba ɗaya. Wahalar ita ce dole hannun hagu duka ya yi ta zirga-zirga a wuyan jitar a kan kowane sauti ba tare da tazarar yatsun ta canja ba. Django Reinhardt, gwanin jita na Faransa, ya yi amfani da wannan dabara kafin shi, amma a matsayin ado na ɗan lokaci, Wes kuwa ya mayar da ita harshen da yake doguwar magana da shi, kuma ya taɓa bayyana cewa a farkon koyonta har ciwon kai take sa shi. Mataki na uku shi ne na dunƙulallun sautuka, inda kowane sauti na karin ke fitowa tare da wasu uku ko huɗu da suka dace da shi, yana sauya su da sauri yana kuma amsa wa kansa, har jita ɗaya ta yi cikar rukunin masu busa na babbar ƙungiya.

Bai kamata a ɗauki wannan tsari a matsayin nuna bajinta kawai ba, domin amfaninsa shi ne ya ba mai sauraro hanyar bin ƙirƙirar ko da bai san komai game da ƙa'idojin kiɗa ba: yana jin nauyin sauti na ƙaruwa, yana jin an nufi wani wuri, kuma idan an isa ya san an isa. Ƙarƙashin duk wannan akwai bulus, tsohon salon waƙar baƙaƙen kudancin Amurka mai zagaye na gaɓa goma sha biyu, wanda bai taɓa rabuwa da shi ba ko a cikin kiɗa mafi sarƙaƙiya. Kaɗe-kaɗen da ya tsara da kansa a wannan faifai, musamman Four on Six da West Coast Blues, sun shiga cikin abin da kowane ɗalibin jitar jaz ke koya har yau, kuma a 2017 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya faifan cikin rajistar naɗe-naɗen da ƙasar ke adanawa saboda darajarsu ta tarihi.

Daga 1960 zuwa 1963 yabo ya yi ta zuwa. Masu sharhi na mujallar DownBeat sun zaɓe shi gwanin jita shekara bayan shekara. Ya yi faifai da Milt Jackson da George Shearing da 'yan'uwansa. A watan Satumba na 1961 ya yi wasa da ƙungiyar John Coltrane a San Francisco da kuma bikin jaz na Monterey, Coltrane ya nemi ya zauna da su dindindin, bai karɓa ba. Ranar 25 ga Yuni, 1962, aka naɗi Full House kai tsaye a wani gidan shan gahawa mai suna Tsubo a Berkeley ta Kalifoniya, tare da Johnny Griffin mai saksafon da mutum uku da suka yi suna a ƙungiyar Miles Davis, wato Wynton Kelly da Paul Chambers da Jimmy Cobb. Sai dai yabon masana ba ya cika tukunya. Faya-fayan jaz tsantsa ba sa sayuwa da yawa, kuɗin kulob bai taka kara ya karya ba, har ta kai mutumin da ake kira gwanin duniya yakan koma Indianapolis ya zauna yana neman abin da zai rufa wa gidansa asiri. A ƙarshen 1963 Bill Grauer, abokin kasuwancin Keepnews, ya rasu, a 1964 kuma kamfanin Riverside ya durƙushe, a shekarar da ƙungiyar Beatles ta Ingila ta shiga Amurka ta janye hankalin matasa da kuɗinsu zuwa kiɗan rok.

A wannan hali ne Creed Taylor, mai shirya faya-fayai a kamfanin Verve, ya ɗauke shi da wata manufa ta daban, wato ya kewaye jitarsa da babbar ƙungiyar masu busa ko masu goge irin na Turai, ya zaɓo masa waƙoƙin da rediyo ke yayi, ya kuma gajarta kowane kiɗa yadda gidajen rediyo za su iya sakawa. Movin' Wes na 1964 ya sayu fiye da duk abin da ya taɓa fitarwa, Bumpin' ya biyo baya a 1965 da tsarin Don Sebesky. Amma shekarar 1965 ɗin ce kuma ta bar hujja mafi ƙarfi a kan cewa hannunsa bai yi sanyi ba. A bazararta ya danne tsoron jirgi ya yi rangadinsa ɗaya tilo a Turai, ya yi wasa a Faris da Landan da Hambug da wasu biranen Holan da Beljiyam, kuma gidajen talabijin na can ne suka ɗauki yawancin hotunansa masu motsi da ake kallo a yau. A watan Yuni ya hau dandalin kulob ɗin Half Note na Niyok tare da Kelly da Chambers da Cobb, abin da ya haifar da Smokin' at the Half Note, faifan da da yawa daga masu jita ke ɗauka a matsayin ƙololuwar aikinsa. A kiɗan farko na faifan akwai wurin da Kelly ke ɗage hannu daga fiyano gaba ɗaya ya bar shi da bas da ganguna, shi kuwa ya yi ta hawa zagaye bayan zagaye ba tare da tunaninsa ya yanke ko ya maimaita kansa ba.

Goin' Out of My Head, wanda Oliver Nelson ya tsara kuma ya fita a 1966, ya kawo masa lambar Grammy, ya kuma tabbatar wa kamfani cewa hanyar kasuwa ta buɗe. A 1967 ya bi Taylor zuwa kamfanin A&M, inda aka yi A Day in the Life, mai ɗauke da waƙoƙin Beatles, wanda ya hau kan jerin faya-fayan jaz mafi sayuwa ya kuma kutsa cikin jerin na gama-gari, abin da ba safai mai jitar jaz ke samu ba. A waɗannan faya-fayai na ƙarshe aikinsa ya taƙaita ƙwarai: ya kaɗa karin waƙar da tagwayen sauti, ya ɗan yi ƙirƙira ta 'yan daƙiƙoƙi, goge ya rufe. Masu sharhin da suka ɗaga shi a 1960 suka juya masa baya, suna cewa ya sayar da baiwarsa.

Adalci a wannan muhawara yana buƙatar a raba faifai da mutum. Game da faya-fayan, masu sukar suna da gaskiya mai yawa, domin wanda ya saurari Full House sa'an nan ya saurari Road Song na 1968 zai ji cewa an ɗaure gwani an hana shi sakewa, kuma hasarar da jaz ya yi a nan ta gaske ce. Game da mutumin kuwa, hukuncin ya yi tsauri fiye da kima, kuma ya fito ne daga bakin waɗanda ba su taɓa haɗa masana'anta da kulob biyu a yini guda ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wes ya kai shekara arba'in da 'ya'ya bakwai kafin kiɗa ya fara biya masa bukata yadda ya kamata, kuma waɗanda suka gan shi a kulob a waɗannan shekaru, lokacin da yake yawo da ƙaramar ƙungiya tare da Monk da Buddy, sun tabbatar cewa a kan dandali yana nan yadda aka san shi. Ko a cikin faya-fayan kasuwar ma akwai abin da ba a iya saye, wato sautin yatsan nan da iya ajiye kowane sauti a gurbinsa, wanda ya sa miliyoyin da ba su taɓa shiga kulob ɗin jaz ba suka san muryar jitarsa. Idan akwai laifi, kaso mafi girma na tsarin kasuwar ne, wadda ba ta iya ciyar da gwani da gwanintarsa sai ya rage ta. Abin da aka yi bayan rasuwarsa ya ƙara fito da wannan fili, domin kamfanin Verve ya ɗauko ragowar naɗin Half Note ya ɗora wa wasunsu kayan busa daga baya, ya fitar da su da sunan Willow Weep for Me, kuma wannan faifan ne ya ci masa Grammy ta biyu.

Bai daɗe yana cin moriyar nasarar ba. Ranar 15 ga Yuni, 1968, jim kaɗan bayan ya dawo daga rangadi, bugun zuciya ya kama shi a gidansa na Indianapolis ya rasu yana da shekara 45, ƙasa da shekara tara bayan daren da Adderley ya ji shi. A garin aka binne shi, a maƙabartar New Crown, kuma hukumar birnin ta sanya wa wani filin shaƙatawa sunansa.

Gadonsa ya rabu gida biyu kamar yadda aikinsa ya rabu. George Benson ya ɗauki ɓangarorin biyu duka, ya yi jaz mai zurfi sa'an nan ya bi hanyar kasuwa har ya zarce inda Wes ya tsaya, kuma salon nan mai laushi da gidajen rediyon Amurka suka yi yayi daga shekarun 1970 zuwa gaba daga faya-fayan Creed Taylor ya samo tsari. Pat Martino da Emily Remler da Lee Ritenour kowannensu ya yi faifai na musamman don girmama shi, Pat Metheny kuma ya sha faɗin cewa a kan Smokin' at the Half Note ya koyi kiɗa yana yaro. Tagwayen sautinsa sun tsallaka har cikin kiɗan rok ta hannun Jimi Hendrix, Stevie Wonder kuma ya tsara kiɗa don tunawa da shi. Titin da ya raine shi bai sami irin wannan kulawa ba, domin aikin babbar hanyar mota da faɗaɗa harabar jami'a a shekarun 1960 da 1970 sun share yawancin unguwar Indiana Avenue, suka tarwatsa mazaunanta, gidajen kiɗan suka rufe ɗaya bayan ɗaya, ginin Walker na cikin 'yan kaɗan da suka tsira. Sai a 2012 kamfanin Resonance ya fara fitar da tsofaffin naɗe-naɗen da aka yi masa a Indianapolis kafin ya yi suna, da faifan Echoes of Indiana Avenue, In the Beginning kuma ya biyo baya a 2015. Waɗannan naɗe-naɗe sun nuna cewa salon da duniya ta yi mamakinsa a 1960 ya riga ya kammala shekaru kafin nan, a lokacin da mai shi ke tashi daga dandali da asuba ya nufi masana'anta.